Alfarma a Bakin Gadon Majiyyaci

Duk lokacin da wata makarantar koyon aikin jinya ta yunƙura za ta kori ɗalibi ko ɗaliba saboda wasa da rayukan marasa lafiya, abin da kan biyo baya sananne ne. Kafin tawada ta bushe a kan takardar kora, ofishin shugaban makaranta ya cika da masu roƙo: kawu daga gida, wakilin mai unguwa, wasiƙa daga wajen wani babba. Maganarsu ɗaya ce: a dubi Allah, a dubi iyayenta, kada a toshe mata hanyar cin abinci. Mu kuwa muna ganin wannan roƙo, komai kyawun niyyar masu yin sa, zalunci ne da aka lulluɓe da mayafin tausayi. Akwai wanda ba a gayyata wurin zaman ba, alhali shi zai biya kuɗin alfarmar, wato majiyyacin da ke kwance yana jiran taimako.

Ɗalibinmu na adabi idan ya rikita karin waƙa, iyakarta ya faɗi jarrabawa ya sake. Ɗalibar jinya kuwa, tun tana koyo hannunta yana kan jikin ɗan Adam. Mu ɗauki wadda aka ba ta aikin auna hawan jinin mai juna biyu cikin dare, barci ya ɗauke ta, da asuba ta cike kati da lambobin da ta ƙaga daga kanta. Likita zai zo ya duba kati, ya ga komai daidai, ya wuce. Alhali jinin matar hawa yake yi, kuma hawan jini ga mai ciki shi ne ƙofar jijjigar da kan tafi da uwa da jariri. Haka nan wadda ta ba mai ciwon suga allurar insulin ba tare da ta tabbatar da ya ci abinci ba, sannan ta musa cewa ita ta yi. Wanda ya ga wannan ya ce a rufa asiri, to ya sani kabari yake taya haƙawa.

Masu roƙon alfarma kan ce yarinta ce, za ta daina. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wadda ta ga ƙaryarta ta wuce lami lafiya a shekarar farko, da ita za ta riƙa aiki har ta zama babbar nas. Illar ba ta tsayawa a kanta ita kaɗai. A shekarar 2023, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Ingila ta bayyana cewa ta gano alamun maguɗi a wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta da ke Ibadan. Ta ce tana kyautata zaton mutum 48 da ke cikin rajistarta, da wasu 669 masu neman shiga, ba ta halastacciyar hanya suka sami sakamakonsu ba. Abin takaici, har waɗanda suka ci da guminsu a cibiyar sai da aka sa su sake jarrabawa. Wake ɗaya ya ɓata gari.

To sai dai kada a fahimce mu a baibai. Kuskure daban, ha'inci daban, kuma makarantar da ta kasa bambance su ta fi mai alfarma ɓarna. A shekarar 2017, wata ma'aikaciyar jinya a jihar Tenesi ta Amurka, RaDonda Vaught, ta ba wata majiyyaciya maganin da ke shanye tsoka a maimakon na kwantar da hankali, matar ta rasu. Ita da kanta ta kai rahoton kuskurenta, amma a 2022 kotu ta same ta da laifi. Ƙungiyoyin ma'aikatan jinya na ƙasar sun yi gargaɗin cewa irin wannan hukunci zai koya wa ma'aikata ɓoye kuskure. Darasin ya shafi ɗalibai ma. Ɗalibar da ta ba da magani ba daidai ba, ta ruga ta gaya wa malamarta cikin rawar jiki, ta ba da damar ceton rai. Gyara da ƙarin horo suka dace da ita. Wadda ta goge kati don kada a gane, ita ce ta cancanci a nuna mata ƙofa.

Ita ma korar tana da ƙa'ida. Bayan tarzomar ɗalibai ta 1983 a Jami'ar Maiduguri, an kori wasu ɗalibai, amma a 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar saboda ba a ba su haƙƙinsu na saurare cikin adalci ba. Shugaban kwamitin binciken ma yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi wannan haƙƙi. Saboda haka dole a rubuta wa ɗaliba laifinta a fili, a nuna mata hujja, a ji ta bakinta, kuma malamar da ta kawo ƙara kada ta zama alƙaliya. Makarantar da ta yi kora cikin fushi ba tare da rubutacciyar shaida ba, kotu za ta mayar mata da mai laifi, ta koma bakin gado da ƙarin ƙarfin gwiwa.

Kiranmu ga Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, da shugabannin makarantu, shi ne su tsaya kan doka ɗaya ga 'yar talaka da 'yar mai mulki. Ga iyaye da masu faɗa-a-ji kuwa, tambaya ɗaya muke da ita kafin su ɗauki alƙalamin roƙo: ranar da mahaifiyarku ke kwance, ana mata ƙarin ruwa da tsakar dare, za ku yarda wannan ɗaliba ce ke gadin ta? In amsarku a'a ce, to uwar wani ma uwa ce.