A Daina Ɗora wa Uwargida Laifin Tukunyar Gas

Duk lokacin da tukunyar gas ta fashe a unguwa, tun ba a kashe wutar ba an riga an yanke hukunci a majalisar ƙofar gida: sakacin mata ne. Ta bar girki ta tafi danna waya, ko ta bar wa 'yar aiki. Kwana biyu sai ka ji jami'i a rediyo yana kiran a wayar da kan matan aure. Na gaji da jin wannan karatun, domin an bar jaki ne ana dukan taiki.

A ranar 4 ga Janairun 2020 shagon gas ya fashe a Sabon Tasha, cikin Kaduna. Daga cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya, wanda aski ya kai shi wurin. Wa zai wayar wa wannan mutum da kai a kan haɗarin makamashi? Ba ya girki, ba shi da tukunya a hannu. Laifinsa kawai ya zauna kusa da shagon da ake ɗura gas a tsakiyar jama'a. A Nnewi ma, a jajibirin Kirsimetin 2015, mutanen da suka ƙone suna layin ɗura gas ne, ba su ko kai ga murhu ba.

Gas ɗin girki gamin butan ne da furofan, kuma a cikin tukunya ruwa ne, matsi ne ya riƙe shi. Furofan yana tafasa tun a awo 42 ƙasa da sifili, wato da zarar ya samu kafa ya zama iska, lita ɗaya ta koma kusan lita 270. Ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Kwanciya yake a ƙasa, ya bi kwata, ya shige ƙarƙashin ƙofa. Kashi biyu da ɗoriya cikin ɗari na iskar ɗaki ya ishe shi kamawa. To, dubi yadda ake ɗura mana shi. Yaron shago ya kifa babbar tukunya, ya jona tiyo, farin tururi na fita ta gefe, a dama mai shayi, a hagu mai walda, a baya janareta na ruri. Wannan aikin tashar ɗura gas ne mai famfo da fili da kayan kashe gobara, amma ana yin sa a shagon da bai fi na mai cajin waya girma ba.

Sai maganar cikawa, inda mu maza muke da kaso babba. Ƙa'ida ita ce kada ruwan gas ya wuce kusan kashi 80 cikin ɗari na cikin tukunya, saboda yana kumbura da zafi, ninkin yadda ruwan sha ke yi sau fiye da goma. Ragowar wurin shi ne numfashinsa. Amma mu da aka saba yi wa ƙwange a sikeli, sai mun girgiza tukunya mun ji ba ta motsi sannan hankalinmu ya kwanta. "Malam, cika min ita taf!" Shi kuma ya danna kilo 13 da wani abu a tukunyar kilo 12.5, a ɗaure ta a bayan babur, a ajiye ta a rana cikin watan Afrilu, a garin da zafi ke haura awo 40. A 1978, a Los Alfaques ta ƙasar Sifaniya, tankar da aka cika fiye da kima da wani ɗan'uwan furofan ta fashe kusa da sansanin masu shan iska, ta kashe mutum fiye da 200. Abin da ya fasa waccan tankar shi muke roƙon yaron shago ya yi mana.

Ban ce babu abin kiyayewa a kicin ba. In an ji wari, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki. Yoyo da ruwan sabulu ake neman sa, ba da ashana ba. Warin ma da gangan ake zuba shi, don gas ɗin kansa ba shi da wari. Sai da wata makaranta ta fashe a New London ta jihar Texas a 1937, kusan mutum 300 suka mutu, aka mayar da zuba wari doka a can. Mafi yawan matan da na sani sun haddace waɗannan fiye da mazansu. Amma wa ya sayo tiyon ban ruwa maimakon na gas don ya rage kuɗi? Wa ya kai tukunyar da gindinta ya ci tsatsa wurin mai walda ya liƙe? Ba uwargida ba ce ke zuwa kasuwa.

Tushen matsalar shi ne mallakar tukunyar. A Najeriya tukunya taka ce, kamar tabarmarka: ka saya, ka yi ta ɗurawa har ta mutu, ko ta kashe. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta ce shekara 15 ne iyakar ranta, kuma a gwada ta duk shekara biyar. Ina wurin gwajin a unguwarku? Ka taɓa ganin mai shago ya mayar da ciniki don tukunya ta tsufa? In ya ƙi, na gaba da shi zai karɓa. A Indiya da Brazil tukunya tana ɗauke da sunan kamfani, shi ke da alhakinta. Ka kai wadda ta ƙare, a ba ka cikakkiya wadda aka ɗura a masana'anta, aka auna, aka duba. Mai lahani a can ake cire ta, tun ba ta shiga gidan kowa ba. Ghana ta yanke shawarar komawa wannan tsari bayan fashewar Atomic Junction a Accra a Oktoban 2017.

Za a ce talaka mai sayen kilo ɗaya ko biyu fa? Tambaya ce mai nauyi, na yarda, domin shi ya sa shagunan nan suke da kasuwa, shi ya sa kuma umarnin rufe su da gwamnatin Kaduna ta bayar bayan Sabon Tasha bai isa magani ba. Amma amsarta ƙananan tukwanen musaya ne, na kilo uku, a farashin da zai iya, da tasoshin ɗurawa masu lasisi a wajen gidajen mutane. Wannan aikin hukumar kula da harkar mai da gas ne, NMDPRA, da SON da kamfanonin da ke cin ribar gas ɗin, kuma yana cin kuɗi da faɗa da masu shago. Jawabi a rediyo kuwa kyauta ne, uwargida ba ta da ƙungiyar da za ta mayar da martani.

Makon jiya na juya tukunyar gidana ina neman shekarar da aka ƙera ta, wadda ake bugawa a jikin mariƙinta. Shekara shida ke nan da na saye ta a matsayin sabuwa. Na kankare fenti da wuƙa, sai ga wani launi a ƙasa, na ƙara kankarewa, sai ga na uku. Lambar kuwa an goge ta da injin gurza.