Zabura ba laya ba ce: kira ga matasan Kiristocin Magarya da Dungas

Kiristoci tsiraru ne a gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram, amma ba baƙi ba ne. Mishan ɗin SIM ya shigo Zinder tun 1924, daga baya ya buɗe tasha a Dungas, kuma tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Iyaye da kakanni sun koyi addu'a daga Zabura, waƙoƙi 150 da aka rubuta da Ibrananci, da yawansu ana jingina su ga Annabi Dauda. Shi kuwa matashin da ya tafi ci-rani Kano, Legas ko Aljeriya, sau da yawa addu'arsa ta koma ta bidiyon waya: a ɗaga murya, a nemi kuɗi da biza, a kira wuta kan maƙiya. Wannan asara ce.

Zabura ba ta yi wa talaka ƙarya. Ta 88 kuka ce daga farko har ƙarshe, babu alkawarin cewa gobe za a warware. Ta 137 muryar mutanen da aka kwashe zuwa Babila ce, suna kewar gida. Ta 65 godiya ce kan ruwan sama da amfanin gona, abin da manomin gero a Dungas ya sani ba sai an fassara masa ba. Wanda aka koro daga Aljeriya hannu rabbana zai sami abin faɗa wa Allah a nan, ba tare da an ce masa rashin bangaskiyarsa ne ya jawo ba.

Tsarin waƙoƙin ma yana taimakawa. Waƙar Ibrananci ba ta dogara da amsa-amo ba, sai dai layi na biyu ya maimaita ko ya ƙarfafa ma'anar na farko. Shi ya sa ba ta lalacewa a fassarar Hausa, kuma take tilasta wa mai karatu ya dakata ya yi tunani.

Sai dai akwai hatsari biyu. Wasu na ajiye Zabura ta 91 ƙarƙashin matashin kai kamar laya, ba su karanta ta. Wasu kuma na zaɓar surorin la'ana su auna maƙwabci da su. A yankin da bai manta da ƙona coci-coci a Zinder ranar 16 ga Janairun 2015 ba, wannan wasa da wuta ne. Mawaƙan Zabura sun kai fushinsu gaban Allah ne, suka bar masa hukunci. Kuma Yesu ya umarci mabiyansa su yi wa masu tsananta musu addu'a.

Abin lura, Alƙur'ani ya ambaci Zabura da aka bai wa Annabi Dauda, don haka sunan ba baƙo ba ne ga maƙwabci Musulmi, ko da fahimtar ta bambanta.

Ya kamata fastocin yankin su riƙa koya wa matasa karanta Zabura tun kafin su kama hanya. Guda biyar a rana, littafin zai ƙare cikin wata ɗaya. Wanda ya ga hakan ya yi yawa, ya fara da ta 117: aya biyu ce kacal.