Bishiyoyi miliyan 7.5 a Riyadh: Ina ya kamata ɗaliban tsara filaye da lambuna su dosa?

Ɗalibin da ya karanci tsara filaye da lambuna, idan ya samu damar fita waje, yawanci lambun fadar Versailles a Faransa ko Central Park na New York ne ke fara zuwa masa a rai, domin su ne suka cika littattafan karatu. Sai dai manyan ayyukan wannan sana'a a yanzu sun karkata zuwa biranen da zafi da ƙarancin ruwa suka addaba.

Riyadh na kan gaba. A watan Maris na 2019 Sarki Salman ya ƙaddamar da shirin dasa bishiyoyi miliyan 7.5 a birnin, tare da gina wani katafaren lambu mai faɗin sama da murabba'in kilomita 16 a harabar tsohon sansanin sojin sama. Birnin zai karɓi baje kolin duniya na 2030, Saudiyya kuma za ta karɓi gasar cin kofin duniya ta 2034, kuma duka biyun na buƙatar inuwa.

Abin da ake nema a wurin ma'aikaci

A hamada, dasa bishiya ba shi ne aikin ba, rayar da ita ne. Shirin na Riyadh ya dogara ne da ruwan da aka yi amfani da shi a gidaje aka tace, sannan aka tura shi ta bututu zuwa gindin bishiyoyi. Don haka wanda ya iya zane mai kyau a kwamfuta amma bai san lissafin ban-ruwa ba, ko yadda gishiri ke kashe saiwa, ko irin bishiyar da ke jure fari, rabin sana'ar kawai ya riƙe.

Kwarin Wadi Hanifa da ya ratsa Riyadh shi ne makarantar da ta fi dacewa. Kwari ne mai tsawon kusan kilomita 120 da ya koma juji da magudanar ƙazanta. Daga 2001 hukumar raya birnin ta ɗauko kamfanin Moriyama & Teshima na Kanada da Buro Happold na Birtaniya, aka kwashe tarkace, aka gyara hanyar ambaliya, aka kuma gina jerin tafkuna inda duwatsu da ƙananan halittu ke tace ruwa ba tare da sinadari ba. A yau iyalai na shimfiɗa darduma a gefensa da yamma. Aikin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 2010.

Alƙahira ma tana da nata darasin. Lambun Al-Azhar mai hekta 30, wanda aka buɗe a 2005, an yi shi ne a kan jujin da ya shafe kusan shekara 500 ana zuba masa shara, kuma a ƙarƙashinsa akwai manyan tankunan ruwa uku na birnin.

Hattara da ɗoki

Ayyukan Saudiyya na tafiya ne da kuɗin mai, kuma tuni aka rage girman wasu sassa na aikin birnin NEOM. Gwamnati na ƙara matsa wa kamfanoni su ɗauki 'yan ƙasa, manyan kwangilolin zane kuma yawanci kamfanonin Turai da Amurka ke cinyewa, su kuwa wanda ya riga ya yi aiki a fili suke so. Sabon kammala karatu da babu abin nunawa sai takardar digiri zai sha jira.

Akwai kuma tarkon da ya saba cin mutane: bizar Umara ko ta yawon buɗe ido ba ta ba da izinin aiki. Duk dillalin da ya ce a biya shi a je, a nemi aiki daga baya, hanyar kamu da kora ya nuna.

Aikin da ke jira a gida

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Legas na koyar da wannan fanni a matakin digiri na biyu, amma har yanzu mutane da yawa na ɗaukar masu shi a matsayin masu shuka furanni a gidan attajirai. Alhali matsalolin da aka warware a Wadi Hanifa su ne ke gaban biranen Arewa. A Kano ana cike kududdufai ana gini a kai, idan damina ta sauka ruwa ya rasa mazauni ya shiga ɗakuna. Ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta nuna abin da ke faruwa idan gari ya zauna a kan hanyar ruwa.

Kuɗi ma ba a rasa ba. A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja, aikin da ya ƙunshi zaizayar ƙasa, kwaruruka da dashen itatuwa.

Tafiyar da ta fi araha kuwa ita ce ta Maraɗi, idan tsaro ya bari. Tun daga 1983 manoman yankin, tare da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka koma kula da tohon kututturan da ke gonakinsu maimakon sarewa. An ƙiyasta cewa hanyar ta dawo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 na Nijar, ba tare da bututun ban-ruwa ba. Da yawa daga cikinsu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma ya yi inuwa.

Ɗalibin da ya je can da littafin zane, ya auna tazarar bishiyoyi, ya tambayi manoma dalilin barin wannan reshe da yanke wancan, zai dawo da abin sakawa a kundin ayyukansa wanda ɗan Landan da suke neman gurbi ɗaya a Riyadh bai taɓa gani ba.