Hazo, Magariba Da Gaggawa: Abin Da Ke Kayar Da Ƙananan Jiragen Sama

Mutanen ƙasar Kiru da Bebeji ba baƙi ba ne ga ƙugin ƙaramin jirgin sama, domin ƙasarsu tana tsakanin Kano da Zariya, inda Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama take tun shekarar 1964. In irin wannan jirgi ya gifta ana zaune a gindin bishiya, da wuya a rasa dattijon da zai ɗaga kai ya ce, abu mai inji ɗaya tal, in injin ya mutu a sama fa? Tambaya ce mai ma'ana, amma a ganina ta sa mun zuba ido a inda ba nan ɓarnar take ba.

Jiragen da suka fara sauka a Kano, cikin watan Nuwamba na 1925, uku ne na mayaƙan saman Ingila, kowanne da injinsa ɗaya, kuma daga Masar suka taso suka iso lafiya. Injunan yau kuwa sun fi na wancan zamani aminci nesa ba kusa ba. A Amurka, inda ƙananan jirage suka fi yawa a duniya, lissafin da ake yi shekara-shekara yana nuna cewa lalacewar inji ko wani ƙarfe ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na hatsarin da suke yi ba, mafi yawan sauran daga matuƙi ne. Ko da inji ya mutu ma, jirgi ba ya faɗowa kamar dutse. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172 in yana bisa mita 1,000 yana iya shawagi wajen kilomita 9 kafin ya taɓa ƙasa, kuma saukar dole a fili ko gona tana cikin darussan farko da ake koya wa ɗalibi.

To, mene ne ke kashe mutane? Mu dubi abin da ya faru a gidanmu. Ran 25 ga watan Oktoba na 2012, Gwamnan Jihar Taraba na lokacin, marigayi Ɗanbaba Suntai, ya tuƙa jirgi mai inji ɗaya samfurin Cessna Caravan daga Jalingo zuwa Yola, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a sama. Jirgin ya faɗi kafin ya kai filin saukar Yola. Gwamna ya ji rauni mai tsanani a ka, bai sake komawa yadda yake ba har Allah ya yi masa rasuwa a 2017. Da hukumar binciken hatsarin jiragen sama ta fitar da rahotonta, abin da ta ambata shi ne matuƙin ba shi da takardar izinin tuƙa irin wannan jirgi, ba shi da horon tuƙi da na'ura in ido ya daina gani, sa'an nan ya ci gaba da tafiya irin ta dogara ga ido bayan rana ta faɗi. Ta kuma nuna akwai sakaci wajen sa ido a kan jirgin. Ban kawo wannan don cin mutuncin mamaci ba, Allah ya sani. Na kawo shi ne don kusan duk abin da ke kayar da ƙaramin jirgi ya taru cikin wannan tafiya guda.

Ya kamata mai karatu ya fahimci cewa tuƙin jirgi iri biyu ne. Akwai na ido, watau matuƙi yana kallon ƙasa da inda sama ta haɗu da ita, da haka yake sanin ko jirginsa a miƙe yake ko ya karkace. Akwai kuma na na'ura, wanda ke bukatar horo na musamman da jarrabawa dabam. Yawancin masu tuƙa jirgin kansu na ido kaɗai suka iya. Abin tsoron shi ne, da zarar ido ya rasa abin kamawa, jikin mutum sai ya shiga yi masa ƙarya. Cikin kunnen ɗan Adam akwai abin da ke gaya masa ko a tsaye yake ko a karkace, kuma a sama wannan abu yana ruɗewa, sai jirgi ya kwanta a gefe yana gangarowa alhali matuƙi yana jin daidai yake tafiya. A shekarar 1954 Jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su da horon na'ura, aka rufe musu ganin waje. Dukansu jirgi ya ƙwace musu, kuma in an kasa lokacin daidai, daƙiƙa 178 kowanne ya yi, watau ko minti uku bai cika ba. Haka ya faru ga John Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, cikin watan Yuli na 1999, da ya shiga hazo bisa teku da dare, ya hallaka tare da matarsa da 'yar'uwarta.

Mu kuwa hazo a ƙofar ɗakinmu yake kwana. Ƙa'idar tuƙin ido tana son matuƙi ya iya hangen kilomita 5 a ƙalla, amma daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da hazon hunturu ke hana hangen kilomita guda a Kano. Kuma hazo mayaudari ne, domin in matuƙi ya dubi ƙasa ta ƙarƙashinsa zai ga gonaki da hanya, sai zuciya ta ce masa ai da sauƙi, alhali gabansa fari fat. Dabarar da yakan yi ita ce ya sassauko ƙasa-ƙasa don kada hanya ta ɓace masa. A arewacin Kano, inda ƙasa take shimfiɗe, wataƙila ya sha. Amma wanda ya nufi Jos daga Kano, ta kan Tudun Wada da Doguwa zai bi, inda ƙasa ke hawa sannu a hankali. Filin jirgin saman Kano bai kai mita 500 bisa teku ba, duwatsun Riruwai kuwa sun haura mita 1,000, ga dajin Falgore a gefe inda ba fili mai kyau na saukar dole. Tsayin da ya wadatar a Bebeji ba zai wadatar a Doguwa ba.

Bazara ma da nata sharrin. In zafi ya kai awo 40 cikin Afrilu, iska takan yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗauka, sai jirgi ya bukaci fili mai tsawo kafin ya tashi. In an haɗa wannan da lodi irin namu, wanda ba a ƙi jakar kowa, jirgin da ya tashi lafiya da asuba yana iya kasa tsallake bishiyar ƙarshen fili da azahar. Jirgi mai kujera huɗu ba kullum yake ɗaukar mutum huɗu da kayansu da cikakken mai ba. Batun mai kuwa abin kunya ne a faɗa, amma har yau jirage suna faɗuwa don mai ya ƙare, ko don ruwa ya shiga tanki ba a tsiyaye shi kafin tashi ba, aikin da bai fi minti biyu ba.

Duk waɗannan abubuwa ɗalibin Zariya ya san su tun kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai. Ashe rashin sani ba shi ne babbar cutar ba. Cutar ita ce gaggawa, da nauyin baki. Taro ya ja lokaci, an tsaya gaisuwa, an tsaya cin abinci, jirgin da aka shirya zai tashi da la'asar sakaliya sai ga shi yana tashi rana ta yi ja. Matuƙi yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, fasinja kuwa mai girma ne wanda ake jira a wani gari. Wa zai buɗe baki ya ce ranka ya daɗe, yau ba za a tashi ba? In kuwa mai girman shi ne matuƙin da kansa, abin ya fi wuya. Wannan ba halinmu ba ne mu kaɗai. Ɗan ƙwallon nan Emiliano Sala ya mutu a teku tsakanin Faransa da Ingila cikin Janairun 2019, a jirgi mai inji ɗaya, kuma bincike ya nuna matuƙinsa ba shi da izinin tuƙin dare, ba shi da na ɗaukar fasinja don kuɗi. Amma a ƙasar da ake tarbiyyar yaro a kan kada ya musa wa babba, dole mu fi kowa tsoron wannan rami.

Saboda haka kirana ga ma'aikatan gwamnati ne, musamman waɗanda ke tsara tafiye-tafiyen shugabanni da waɗanda ke ba da kwangilar feshin tsuntsayen jan-baki da jirgi a gonakin shinkafa. Kafin a sa hannu a takarda, a nemi ganin lasin matuƙi, a tabbata sunan irin jirgin da zai tuƙa yana ciki, a kuma tambaya ko yana da izinin tuƙin na'ura da na dare. A rubuta lokacin faɗuwar rana cikin tsarin tafiya kamar yadda ake rubuta lokacin jawabi. A karɓi rahoton hukumar hasashen yanayi da safe, a kuma ajiye mota a shirye, domin matuƙin da ya san akwai mota ya fi samun ƙarfin halin cewa a'a. Masu feshi kuwa, da yake ƙasa-ƙasa suke aiki, kuma yawanci da almuru lokacin da tsuntsaye ke komawa makwanci, a ba su taswirar wayoyin lantarki da dogayen ƙarafan tarho na yankin tun kafin su taso.

Rahotannin binciken hatsari kuma, waɗanda hukumar NSIB ke fitarwa tun da ta gaji tsohuwar hukumar a 2022, da Turanci ake rubuta su, kuma ba mai karanta su sai ƙwararru. Ina roƙon a riƙa taƙaita kowanne cikin shafi guda da Hausa, a aika wa gidajen rediyo da ofisoshin gwamnonin jihohin Arewa.