Gidajen da Ba Su San da Tsufa Ba

Kowace gwamnati da ta hau karagar mulki a Nijeriya, ta soja ko ta farar hula, sai ta yi mana alƙawarin gidaje, kuma kowaccensu da lissafi take zuwa: dubu kaza a bana, dubu kaza a baɗi. Mu kuma sai mu shiga jayayya a kan ko an gina ko ba a gina ba, ko wane ne ya cinye kuɗin kwangila. Tambayar da muka daɗe ba mu yi ba ita ce, shin wa ake gina wa? Idan muka duba fasalin gidajen da sharuɗɗan mallakarsu, za mu tarar mutum ɗaya ne a zuciyar masu tsarawa, wato ma'aikaci ɗan shekara talatin, mai albashi, mai ƙarfin gwiwa da kaifin ido, wanda a zatonsu haka zai dawwama. Wannan zato kuwa zalunci ne ga iyayenmu a yau, kuma rami ne muke gina wa kanmu.

Bari mu waiwayi tarihi kaɗan. A 1973 aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya, wadda ta gina unguwar Festac a Legas domin bikin al'adu na 1977. A jamhuriya ta biyu, daga 1979 zuwa 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta ƙudura gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, amma saboda takaddamar filaye tsakaninta da wasu gwamnatocin jihohi, da yawa daga cikinsu can bayan gari aka yi su, nesa da kasuwa da asibiti. A daidai wannan lokaci Gwamna Lateef Jakande ya gina rukunonin gidaje masu rahusa a Iponri da Isolo da Abesan da sauran sassan Legas, aikin da har gobe ake yaba masa a kai. Sai dai akasarinsu benaye ne da ba su da na'urar hawa. Wanda ya karɓi mabuɗi a 1982 yana ɗan shekara 35, a yau ya doshi 80, matakala kuwa tana nan yadda take. Mutumin da sanyin ƙashi ya kama, ko ɓarin jikinsa ya shanye, idan a hawa na sama yake, to gidansa ya zama kurkukunsa. Ba ya zuwa masallaci ko coci, ba ya zuwa jana'izar aboki, kuma ranar da ciwo ya tashi cikin dare sai an nemi ƙarti sun sauko da shi kamar buhun hatsi.

Ta fuskar kuɗi ma haka abin yake. Manufar gidaje ta ƙasa ta 1991 ta yi kirarin samar wa kowa muhalli kafin shekarar 2000, sannan a 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci. Ana ba da rance daga asusun a kan ruwa kashi 6 cikin 100, a biya cikin lokacin da zai iya kai shekara 30. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma tsawon lokacin biya yana rataye ne da shekarun aikin da suka rage wa mutum, saboda haka duk ranar da furfura ta ƙaru, ƙofar rance ƙara tsukewa take yi. Wanda bai samu ba har ya yi ritaya, sai a mayar masa da abin da ya tara bayan hauhawar farashi ta gama lashe shi. Daɗin daɗawa, a 2022 hukumar fansho ta fitar da ƙa'idar da ta ba ma'aikaci damar ɗibar har kashi 25 cikin 100 na ajiyar fanshonsa domin kafin alƙalamin sayen gida, amma ta fitar da waɗanda suka riga suka yi ritaya daga ciki. Ke nan wanda ya fi kowa buƙatar inuwa shi aka bari a rana.

Wannan duk maganar masu albashi ce. Ina kuma mahauci da mai goro da maigadi da mai shayi, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan, cikin ɗakin haya guda, a gidan da mutum ashirin ke bin layin makewayi ɗaya? Ina gwauruwar da mijinta ya rasu ya bar ta da kuɗin hayar shekara? Waɗannan babu sunansu a wani asusu. Ranar da aka turo motar rusau, kamar yadda aka yi wa Maroko a watan Yulin 1990, saurayi yana iya ɗaukar katifarsa ya sake lale a wata unguwa, amma tsoho an raba shi ke nan da maƙwabtan da ke leƙa shi da safe, da mai kantin da ke ba shi bashi, da limamin da zai sallace shi.

Da zarar an ta da wannan magana, amsa iri biyu mukan ji, kuma dukkansu ba mu yarda da su ba. Ta farko ita ce ta masu cewa ai mu ba Turawa ba ne, al'adarmu ba ta yar da tsoho, 'ya'ya su ne gidan iyayensu. Gaskiya ne, amma al'ada ba a iska take zaune ba. Gidan Bahaushe na gargajiya shi ya riƙe wannan al'ada: komai a ƙasa yake, ga zaure inda dattijo zai zauna a gaishe shi ya ji labarin gari, ga ɗakin tsohuwa a tsakar gida inda jikoki ke kai da komo, ga katangar ƙasa mai kauri da ke tare zafin rana, ga sarari da za a ƙara ɗaki in iyali sun yaɗu. Yanzu a ɗauki magidanci mai 'ya'ya biyar a sa shi a ɗaki biyu da falo a saman bene, sannan a ce masa ya riƙe mahaifiyarsa. A ina zai sa ta? Wanda ya zana gidan da babu gurbin kaka a ciki, shi ya fara warware zumunci, ko da kuwa ya fi kowa iya wa'azi a kansa. Jami'in da ke fakewa da al'ada don kada ya kashe ko kwabo, ya sani cewa mun gane shi.

Amsa ta biyu ita ce ta masu cewa a gina gidajen gajiyayyu a tara tsofaffi a can. Ba mu musun cewa akwai wanda ba shi da kowa, kuma wajibi ne a tanadar masa wurin da zai samu kulawa cikin mutunci. Amma mayar da wannan ya zama manufa ga miliyoyin mutane gudun nauyi ne. Mafi yawan tsofaffi ba jinya suke nema ba. Abin da suke so shi ne su ci gaba da zama a cikin jama'arsu, a ɗakin da ba zai kayar da su ba.

Kada a ce babu doka. Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci muhalli mai dacewa da kulawa da tsofaffi cikin abubuwan da ya kamata hukuma ta tanada, sai dai sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da babin da wannan magana take ciki. A 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a farkon 2024, kowa kuma yana iya zagaya ofisoshi da asibitocin garinsu ya ƙirga da idonsa nawa aka gyara. A 2021 aka amince da manufar ƙasa kan tsufa, aka kuma naɗa shugabannin Cibiyar Dattawa ta Ƙasa. Takardu dai ga su nan birjik. Alhali kuwa waɗanda suka kai shekara 60 a ƙasar nan sun kusa kashi 5 cikin 100 na al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma yawansu ƙaruwa yake yi.

Abin da muke nema ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Na farko, a duk rukunin gidajen da aka gina da kuɗin jama'a, a keɓe hawan ƙasa ga tsofaffi da iyalan da ke riƙe da su. Na biyu, kada hukumar tsara birane ta amince da zanen gida sai ƙofofinsa sun isa keken guragu ya wuce, dokin ƙofa bai yi tudu ba, daɓen makewayi ba mai santsi ba ne, kuma akwai ƙarfen dafawa a bango. Tun ran gini ran zane: yin haka tun farko kuɗi kaɗan ne, fasa bango daga baya shi ne tsada, jinyar karayar ƙugu kuwa ta fi su duka. Na uku, a buɗe ƙaramin rance na gyaran gida da ƙara ɗaki, wanda 'ya'ya za su iya karɓa domin iyayensu ba tare da an tambayi takardar albashi ba. Na huɗu, tunda dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnoni amana, su daina kai gidajen talakawa daji suna barin tsakiyar gari ga masu hali.

Daga ƙarshe, muna kira ga 'yan'uwanmu malamai da ke zaune a gidajen jami'a. Ko farfesa ne, ranar da ya cika 70 takardar tashi na nan tafe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuma ɗalibai, a cikinku ne za a sami masu zanen gine-gine da manyan sakatarori da 'yan majalisa na gobe. Duk ranar da aka kawo muku zanen gida don ku sa hannu, ku tambayi mai zanen ta ina mahaifiyarsa za ta shiga. In ya rasa amsa, ku mayar masa da takardarsa.