Sharhi: Alƙaluman rashin aikin yi sun sauka, layin masu neman aiki bai ragu ba

A watan Maris na 2021, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar da rahoton da ya tayar da hankalin jama'a, inda ta ce kashi 33.3 cikin 100 na 'yan Najeriya masu ƙarfin yin aiki ba su da aikin yi a zangon ƙarshe na 2020. Wato mutum ɗaya cikin kowane uku. A watan Agustan 2023 hukumar ta sake fitowa da sabon adadi: kashi 4.1 cikin 100 kacal a zangon farko na shekarar. Daga nan adadin ya riƙa hawa da sauka, ya kai kashi 5.3 a farkon 2024, sannan ya koma 4.3 a zango na biyu.

Baƙon da ya karanta wannan daga nesa zai ɗauka Najeriya ta gano maganin da ya gagari manyan ƙasashe, domin a bisa takarda ta fi Faransa ƙarancin marasa aikin yi, balle Afirka ta Kudu da adadinta ya haura kashi 30. Amma babu wasu masana'antu da aka buɗe tsakanin 2021 da 2023 da za su haɗiye miliyoyin mutane. Ma'aunin ne aka sauya.

A tsohon tsari, duk wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, marar aikin yi ne. Wanda ya yi awa 20 zuwa 39 kuwa ana sanya shi cikin waɗanda aikinsu bai wadatar ba. A sabon tsari, wanda ya dace da ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, duk wanda ya yi aikin aƙalla awa ɗaya a cikin kwana bakwai da suka gabata, don lada ko riba, ya shiga sahun masu aiki. Matashin da ya kammala digiri shekara huɗu da suka wuce, ya kama wa yayansa jiran shagon cajin waya ranar Asabar ya samu na sabulu, shi ma ma'aikaci ne a wannan lissafi.

Zai zama rashin adalci a ce hukumar ta yi rufa-rufa. Ma'aunin da ta ɗauko shi ne yawancin ƙasashen duniya ke amfani da shi, kuma yana ba da damar kwatanta Najeriya da sauran ƙasashe. Matsalar ita ce an ɗinka rigar ne a jikin wani. A ƙasashen da gwamnati ke biyan marasa aiki alawus, mutum na iya zama wata shida yana neman aikin da ya dace da shi, kuma a ƙidaya shi daidai. A Najeriya babu wannan tanadi. Talaka ba shi da halin zama babu aiki ko da na mako guda, domin ranar da bai fita ba, ranar ba a ɗora tukunya. Dole ya yi dako, ko tallar ruwan leda, ko leburanci a wurin gini, ko ya karɓi babur ɗin wani ya yi acaɓa daga magariba zuwa dare. Saboda haka ƙarancin adadin marasa aiki a irin wannan ƙasa ba lallai ne ya zama alamar wadata ba. Sau da yawa alama ce ta cewa mutane ba su da inda za su jingina.

Gaskiyar lamarin tana cikin rahotannin hukumar, sai dai ba a shafin da jaridu ke ɗauka ba. Rahoton zango na biyu na 2024 ya nuna cewa kashi 93 cikin 100 na masu aiki suna ɓangaren da ba na hukuma ba, wato babu takardar ɗaukar aiki, babu fansho, babu inshorar lafiya, babu hutu. Kusan kashi 86 kuma aikin kansu suke yi. Abin da ya rage ga masu karɓar albashi bai wuce mutum ɗaya cikin bakwai ba. Wannan ɗan guntun kaso shi ne duk ɗaliban da jami'o'i da kwalejojin kimiyya da na ilimi ke yayewa kowace shekara ke rububi a kai. Ba mamaki ke nan da a zangon farko na 2024 rashin aikin yi tsakanin masu ilimin gaba da sakandare ya kai kashi 9, nesa da matsakaicin ƙasa na 5.3. Mai takarda yakan daure ya jira, iyaye na ciyar da shi, har sai haƙurin kowa ya ƙare.

Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kimanin matasa miliyan 3.5 ne ke shiga fagen neman aiki a Najeriya duk shekara. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, wa zai ɗauke su, alhali masu ɗaukar ma na fama da kansu?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin gudanar da kowace irin sana'a ya ninninka. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a watan Oktoban 2024. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin naira 460 ta zarce 1,500 a 2024. A watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, inda yawancin masana'antu suke, daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane ma'auni. Babban Bankin Najeriya kuma, a ƙoƙarinsa na daƙile hauhawar farashi da ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, ya ɗaga kuɗin ruwa har zuwa kashi 27.5. Mai gidan burodi ko mai ƙaramin kamfanin roba da ya ci bashi a kan wannan ruwa, ya sayi gas na janareta, ya kuma tarar masu saye ba su da kuɗi a aljihu, abin da zai fara tunani shi ne wa zai sallama, ba wa zai ɗauka ba.

Manya ma ba su tsira ba. Kamfanin magunguna na GSK ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Najeriya. Procter & Gamble ya bi sahu a Disambar shekarar, ya ce zai koma shigo da kaya daga waje, sai Kimberly-Clark da ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu a 2024. Ga mutanen Kaduna da Kano wannan tsohon labari ne. Unguwar Kakuri ta taɓa zama wurin da jiniyar masaƙu ke tashin dubban ma'aikata da asuba, kafin Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, sauran su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Haka abin ya faru da masana'antu da dama a Sharaɗa da Bompai da Challawa. 'Ya'yan waɗancan ma'aikata su ne yau ke tuƙa A Daidaita Sahu ko zama ƙarƙashin lema da na'urar POS.

Idan kamfanoni suka rufe ƙofa, idanu sai su koma kan gwamnati, kuma a nan ne neman aiki ya fi nuna munin fuskarsa. Har yanzu ba a manta da ranar 15 ga Maris, 2014 ba, lokacin da Hukumar Shige da Fice ta tara masu neman aiki a filayen wasa na Abuja da wasu birane domin jarrabawa. Fiye da mutum rabin miliyan ne suka biya naira 1,000 kowanne don neman guraben da ba su kai 5,000 ba, kuma aƙalla mutum 16 suka rasu a turmutsutsun da ya ɓarke. Daga baya an mayar da neman aiki ta intanet, abin da ya kawar da turereniya a bakin ƙofa, amma bai ƙara ko gurbi ɗaya ba. A 2023 wani kwamitin wucin gadi na Majalisar Wakilai ya binciki zargin sayar da guraben aiki a ma'aikatu da hukumomin tarayya, inda aka ji shaidu na bayyana yadda suka biya naira miliyan ɗaya ko fiye domin samun takardar kama aiki. Abin da jama'a suka daɗe suna faɗa a majalisar unguwa, cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, sai ga shi an maimaita a zauren majalisar ƙasa.

Shi kansa neman aikin yana cin kuɗi, kuma babu ma'aunin da ke ƙidaya wannan. Akwai kuɗin data, kuɗin buga takardu, takardar shaidar ƙaramar hukuma, kuɗin mota daga Gusau ko Yola zuwa Abuja don ganawar minti goma. Akwai tallar aikin da ke neman ɗan ƙasa da shekara 27 mai gogewar shekara biyar, a ƙasar da yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Akwai kuma 'yan damfara da ke buɗe shafukan bogi da sunan hukumomi, suna karɓar ɗan abin da uwa ta sayar da akuyarta ta bayar. A karkarar Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa, rashin tsaro ya raba manoma da gonakinsu, ci-ranin da a da ake yi na wata huɗu ya zama ƙaura. Da yawa daga cikinsu sun dogara da acaɓa a Legas, sai gwamnatin jihar ta haramta shi a wasu ƙananan hukumomi tun daga watan Yunin 2022.

Gwamnatoci ba su zauna hannu rabbana ba, amma kusan duk hanya ɗaya suka bi. An kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, tun zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta zo da YouWiN da SURE-P. Ta Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da N-Power a 2016, ta ɗauki matasa 500,000 a rukuni biyu na farko kan naira 30,000 a wata, sannan ta kawo shirin ayyuka 774,000, mutum dubu daga kowace ƙaramar hukuma, kan naira 20,000 a wata na tsawon wata uku. An dakatar da N-Power a Oktoban 2023 domin bincike. Gwamnati mai ci ta fito da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku fasahar zamani. Kowanne ya share hawayen wasu, kuma wanda ya taɓa jiran saƙon banki a ƙarshen wata ba zai raina naira 30,000 ba. Sai dai alawus mai wa'adi ba aiki ba ne, horo kuma yana amfani ne idan akwai mai ɗauka a ƙarshensa.

Jami'an gwamnati na cewa gyaran da aka yi wa tattalin arziki magani ne mai ɗaci da ba makawa sai an sha, kuma suna da hujjoji: tattalin arzikin ya bunƙasa da kusan kashi 3.4 a 2024, kuɗin da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, naira ta ɗan samu natsuwa. Amma ɓangarorin da suka fi jan wannan bunƙasa, irin su bankuna da sadarwa, ba su ne masu ɗaukar mutane da yawa ba. Noma da masana'antu da ke iya ɗaukar dubbai suna tafiyar hawainiya, ga kuma yawan jama'a na ƙaruwa da fiye da kashi biyu a shekara. Ma'aunin da ya kamata 'yan majalisa da gwamnoni su riƙa tambaya a kowane zango shi ne adadin masu albashi, ko ya ɗaga daga mutum ɗaya cikin bakwai ko bai ɗaga ba. Kuɗin da ya ƙaru a hannun jihohi kuma a ga nawa ya tafi wajen wutar lantarki, hanyoyin karkara da tsaron gonaki, tun da Dokar Lantarki ta 2023 ta ba su ikon kafa kasuwar wutarsu.

A watan Yulin 2024 aka sanya hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda ya shafi wancan ƙaramin kaso na masu albashi kaɗai, kuma ba duka ba. A watan Maris na 2025 aka fara biyan masu yi wa ƙasa hidima naira 77,000 a wata maimakon 33,000. Ga ɗalibai da dama, wannan shekara guda ita ce karon farko da kuɗi ke shigo musu a kan kari, har su aika wa gida wani abu. Ranar da aka miƙa musu takardar kammala hidima, kuɗin ya yanke. Wanda a makon da ya biyo baya ya koyar da 'ya'yan maƙwabta darasin lissafi na awa ɗaya aka biya shi, rahoton hukuma na gaba zai lissafa shi cikin masu aikin yi.