Esi a Kan 16, Ofis Babu Kowa

Yau ba maganar zaɓe zan yi ba, maganar rimot ɗin esi ce.

Kwanakin baya, cikin zafin watan Afrilu, na je wani ofis karɓar wata takarda. Ba zan kama suna ba. Masinja ya ce oga ya fita tun ƙarfe sha ɗaya, in shiga in jira. Na shiga na tarar da esi biyu suna aiki, kowanne a kan 16, taga ɗaya a buɗe, janareta na ta ruri a baya. Awa biyu na yi ina rawar ɗari a garin da mutane ke kwana a ƙofar gida saboda zafi. Da na ce wa masinjan ya kashe ɗaya mana, sai ya ce, "Yallaɓai, ba ya so ya dawo ya tarar da zafi." Kuɗin man da aka ƙona wa kujerun nan, na waye?

Akwai wata 'yar na'ura da aka ƙera don irin wannan ɓarna. Aikinta ta auna zafin ɗaki, in ya sauko inda aka ce mata sai ta dakatar da esi, in ya hau ta tayar da shi. Ta zamanin ta fi haka wayo: tana gane ko da mutum a ɗaki, tana riƙe lokacin fitarka da na dawowarka, kuma kana iya ba ta umarni daga wayarka ko kana Kano. Kamfanin Nest na Amurka ya fito da tasa a 2011, Google ya saye kamfanin a 2014 kan dala biliyan 3.2. Su kansu sun ce tana rage kusan kashi 15 cikin 100 na kuɗin sanyaya gida. Irin esin da muke kafawa a bango ma akwai tasa, ƙarama ce, tana kwaikwayon rimot. Da ogan nan yana da ita, da minti goma kafin ya iso zai kunna, shi ke nan.

Na san abin da wani zai rubuto min a ƙasa: "Shugaba, wutar ma ina take?" Gaskiyarka. Amma ai rashin wutar ne ya sa maganar ta fi shafarmu. Wanda ke kan janareta, kowace awa man gas yake ƙonawa. Wanda ya haɗa sola, esi ne ke shanye masa batir kafin ƙarfe biyun dare. Masu layin Band A kuwa, a watan Afrilun 2024 aka ninka musu kuɗi fiye da sau uku, yunit ɗaya ya kai naira 225. Mai ruwa a randa ai ya fi mai rijiya sanin darajar moɗa guda.

Wani abin kuma da yawancinmu ba mu sani ba, ni ma sai daga baya na gane: lambar da ke jikin rimot ba ƙarfin sanyi ba ce, inda kake so esi ya huta ne. In ka sa 16 a rana mai digiri 42, ka ce masa kada ya huta ke nan har a ɗauke wuta. Hukumar kula da tsimin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da ka ƙara yana rage kusan kashi 6 cikin 100 na wutar da esi ke sha, shi ya sa daga Janairun 2020 sabbin esin da ake sayarwa a can suke tashi a kan 24. Sifaniya a 2022 ta hana gine-ginen gwamnati da shaguna sauka ƙasa da 27. Ka lissafa tazarar 16 zuwa 24 da kanka.

Ban ce talakan Wudil ya sayi wannan na'ura ba. Mai fanka ɗaya da ƙwan fitila biyu ba shi ne mai ɓarnar ba, kuma tsohon ɗakin soro na ƙasa da azara da kakanninmu suka gina ya fi bulo da kwano sanyi nesa ba kusa ba. Da masu esi nake: ofisoshi, ɗakunan taro, otal-otal, da gidajen manyanmu, har da na tafiyarmu, kada a ce na tsame namu.

Kuma ba sai mun jira kaya daga waje ba. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan cikin garinmu, tana yaye injiniyoyin lantarki. Abin auna zafi, da abin gane motsin mutum, da ɗan allon da zai haɗa su, aikin ɗalibin ajin ƙarshe ne. Me zai hana a ba yaran nan ofis biyar su gwada, a rubuta litar man da aka sha kafin a kafa da kuma bayan wata uku?

Zan kai wannan shawara zamanmu na matasa mai zuwa a rubuce. Mu a ofishinmu tuni na manna takarda a jikin bango: 24, kuma na ƙarshen fita ya kashe. Sakatare ya yi ta mita kwana biyu, yanzu dai ya daina zuwa da rigar sanyi.